Jirgin Safe Ya Makara

Bodil ce ta fara furta maganar, a bakin ƙofar ɗakin gwaji, tana naɗa mayafin ulu a wuya, bayan Osvald ya hau kekensa ya ɓace cikin yayyafi.

"Jan ƙafa yake yi, Torkil. Ka sani, na sani. Ni dai ba zan shiga ɗakin ɗaukar faifai da shi ba."

Torkil ya sunkuya. Yana fama da zik ɗin rigar bas ɗinsa, ƙaton abin kiɗan nan mai tsirkiya huɗu da ya ɗara shi tsawo, wanda ya shafe shekara hamsin yana rungume da shi a tsaye kamar mai lallaɓa mashayi zuwa gida. Zik ɗin ya cije a inda ya saba cijewa.

"Ka ji ni kuwa?"

"Na ji ki, yarinya."

"Na haura hamsin fa."

"Shi ya sa na ce yarinya."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce akwai Naja, wadda ke buga ganga a ƙungiyar gidan rawa, kuma ba ta da aiki ranar Alhamis da rana. A gwada ta kawai, ba sai kowa ya ji ba. Ta ja ƙofa ta fita, sanyin Copenhagen ya shigo ya maye gurbinta.

Su uku ne a ƙungiyar, amma sunan Torkil ne a jikin takardar talla. Shi ke tsara kiɗan, shi ke ƙirga taki kafin a fara, shi ke neman wurin wasa, shi ake zagi in an yi abin zagi. Bodil ta zo kan piyano ne daga baya, da mai piyanonsu na farko ya mutu. Osvald kuwa tun suna da gashi baƙi yake zaune a bayan gangunansa, a hannun hagun Torkil. Yanzu wani ɗan ƙaramin kamfani ya yarda ya ɗauki faifansu a watan Janairu, kuma ba wanda ya ce shi ne na ƙarshe, don ba a buƙatar a faɗa.

A kiɗan jaz, taki a hannun mutum biyu yake: mai bas da mai ganga. Su ke shimfiɗa daɓen da sauran ke takawa. In aka fara kiɗa da gudu aka ƙare shi da tafiyar hawainiya, an ja ƙafa ke nan, kuma tun kafin a haifi Torkil an san wa ake harara in hakan ta faru. Mai ganga ake harara.

Ya ɗora bas ɗin a akwatin gaban kekensa, ya tura zuwa gida a ƙasa, don gwiwa ba ta son hawa in ana ruwa. Ubansa maƙerin jiragen ruwa ne, bai taɓa shiga inda ɗansa ke wasa ba. Torkil ya koyi kiɗa ne a bayan baƙaƙen fatar Amurka masu busa ƙaho, waɗanda suka zo birnin suka zauna saboda a nan an bar su su sha kofi inda suka ga dama. Akwai ɗaya a cikinsu da bai taɓa yaba wa kowa ba. Ƙafarsa kawai ake kallo. In tana buga ƙasa, kana da aiki gobe. In ta tsaya, sai ka nemi wani wurin. Shekara biyu Torkil ya yi a bayansa, ƙafar ba ta taɓa tsayawa ba, kuma duk lambobin yabon da ya samu daga baya, da yawon da ya yi har Japan, ba su kai masa wannan ba. Abin da ake faɗa a kansa ke nan a garin: Torkil ba ya burgewa, amma kana iya gyara agogonka da yatsansa.

Kiɗansa da aka fi sani shi ne "Jirgin Safe". Ya tsara shi ne a kan jirgin fito, wata safiya da suke dawowa daga Jutland, karkarar da aka haifi Osvald, su biyu, ba barci, ba abin karyawa, injin jirgin na bugawa a ƙarƙashin ƙafafunsu da sauri kamar zuciyar mai gudu. A saman takardar kiɗan ya rubuta kalma biyu da fensir: da sauri. A 'yan shekarun nan jirgin yakan tashi da sauri, amma kafin ya kai tsakiyar ruwa sai ya koma kwalekwalen ɗaukar yashi.

Kuma Osvald ya canja, wannan ba ƙarya ba ne. Da can idonsa a rufe yake buga ganga, kai a sunkuye, kamar mai sauraron wani abu a ƙarƙashin ƙasa. Sai wata rana ya juya gangunansa suka fuskanci Torkil, wai iskar ƙofa na dukan wuyansa. Tun daga nan bai ƙara rufe ido ba. Daga farkon kiɗa har ƙarshe yana zuba wa Torkil ido, ko ƙiftawa ba ya cika yi. Torkil ya ɗauki kallon a matsayin roƙo, irin na wanda ya san ƙarfinsa ya ƙare yana neman a rufa masa asiri. Shi ya sa ya daina kallon wajen.

Ranar Alhamis ya iso ɗakin gwaji da jin nauyin wanda zai gana da matar da ba tasa ba. Bodil na kan piyano, Naja ma ta riga shi zuwa. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, ta zo da faya-fayan tagullarta da ake bugawa tare da ganga a jaka, ta cire na Osvald ta jingine su a bango a hankali, kamar tana ba su haƙuri. Ta ce da faifan "Jirgin Safe" ta koyi riƙe sanda, a ɗakin babanta.

"Kin tsufar da ni tun ba mu fara ba," in ji Torkil.

Ya ƙirga, suka shiga. Zagayen farko ya ji abin da ya daɗe bai ji ba, iska na dukan fuska. A zagaye na biyu sai ya ji tagullar Naja ta ɗan wuce shi, kaɗan, kamar wanda kuke tafe tare ya fi ka da rabin taki. Ya ɗaga hannu.

"Kina gudu."

"To," in ji ta.

Ya sake ƙirgawa. A wuri ɗaya abin ya sake faruwa. Wannan karon bai tsayar ba, ya kasa kunne ga Bodil, don ita ce za ta raba gardama. Hannun Bodil na tare da tagullar, daram, ba gaba ba baya. Su biyun suna can a inda ya ƙirga musu da bakinsa. Shi ne ba ya wurin. Ya dubi hannunsa na dama, yatsu biyun da ke fizgar tsirkiya, gaɓoɓinsu sun kumbura kamar saiwar citta. Ya umarce su su yi sauri. Suka yi na ɗan lokaci, sannan suka koma yadda suke so, kuma kunnensa, wanda ya dogara da shi duk rayuwarsa, ya ce masa daidai ne.

Kiɗan ya mutu da kansa. Ba wanda ya ɗaga hannu.

Naja ta ɗora sandunanta a cinya. "In kana so in riƙa jiranka, zan iya," in ji ta, a hankali, ba da izgili ba.

Da izgili ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Bodil ta rufe murfin piyano, ta zauna tana kallon hannayenta. Ya yi wa Naja godiya, ya taya ta mayar da faya-fayan Osvald inda suke, har yana gyara ɗaya don ya karkata yadda mai shi ke so.

Kwanakin da suka biyo baya bai taɓa bas ɗin ba. Ya zauna a kicin da kofi yana juya maganar, ta ƙi juyuwa ta inda zai huta. Korar Osvald dai ta tashi daga lissafi, don ba a korar mutum a kan laifin wani. Amma barinsa a kujerar ma ba alheri ba ne tsantsa. Muddin Osvald na nan, shi za a ci gaba da harara, sunan Torkil kuma ya tsira. Mutane za su ce dubi dattijon kirki, ya riƙe tsohon abokinsa duk da ya gaza. Zai ci ladan tausayi a kan abin da ke rufa masa asiri. Ya rasa wane suna ake ba irin wannan alherin. Abin da ya fi damunsa kuma, me ya sa Osvald, wanda tun suna samari ba ya barin kowa ya saci ko ƙyas na taki, ya zauna tare da shi a baya duk tsawon wannan lokaci bai ce uffan ba?

Ranar Lahadi da hantsi ya hau jirgin ƙasa zuwa bayan gari, inda Osvald ke da ɗan lambu a cikin jerin lambunan haya, kowanne da ɗakinsa na katako da tutarsa. An riga an rufe ruwan famfo saboda hunturu, yawancin ɗakunan a kulle suke. Ya hango Osvald a durƙushe, ya ba ƙofa baya, yana lulluɓe gindin furannin marigayiya matarsa da rassan itace kada ƙanƙara ta kashe su.

Torkil ya tsaya a bakin shinge. Ya ga gara ya faɗa wa bayan, ya fi fuskar sauƙi.

"Osvald, na ci amanarka ranar Alhamis. Na gwada wata a kujerarka." Ya jira. Bayan bai motsa ba. "Ba kai ne ke jan ƙafa ba. Ni ne. Hannuna ya tafi, kunnena kuma yana yi masa ƙarya. Na bar mutane suna zarginka, har ni ma na zarge ka."

Osvald ya ci gaba da jera rassan, ɗaya bisa ɗaya. Torkil ya ce a ransa fushi ne, kuma ya cancanta. Ya ƙara da cewa ya yi haƙuri, da murya sama da ta ɗazu. Wani tsuntsu ya tashi daga kan shingen. Osvald ya dafa gwiwa ya miƙe, ya juyo, ya yi firgigit.

"Shugaba. Yaushe ka zo? Ka tsaya wa mutum a baya kamar mai karɓar haraji."

Tsakaninsu bai fi tsawon bas ba. Torkil ya dube shi, ya ga idanun nan sun sauka a kan leɓɓansa suna jira, irin jiran da suke yi a kan hannunsa in ana kiɗa.

"Tun yaushe?" ya tambaya, yana nuna kunnensa.

Osvald ya daɗe yana kakkaɓe ƙasa daga safar hannunsa. "Shigo ciki, akwai kofi. Ba na son maƙwabta su ji, ko da yake ni ba zan san sun ji ba."

Ɗakin na warin damshi da albasa. Osvald ya yanka baƙin burodi, ya ɗora kifin tsami a kai, ya tura wa Torkil nasa, ya zauna daidai inda hasken taga ke faɗa wa fuskar baƙonsa.

"Na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama yana jin abin da ya ga dama. In ba hayaniya, ina kallon bakin mutum, muna shiryawa. Amma da na taɓa tagulla, komai ya zama ruwa. Piyano ina jinta kamar daga gidan maƙwabta. Kai kuwa ba na jinka sam."

"Na'urar kunne fa?"

"Na gwada. Kamar ana buga mini ƙusa a ka. Tana cikin kwanon sukari a gida."

"To da me kake bin kiɗan?"

Osvald ya miƙo hannu ya ƙwanƙwasa yatsan Torkil da cokali. "Da wannan mummunan abin. Inda ya sauka, nan ne ɗaya, farkon taki."

Torkil ya maimaita duk abin da ya faɗa a bakin shinge, a gajarce, don karo na biyu ba ya da daɗin faɗa. Osvald na taunawa yana kallon bakinsa. Da aka zo kan Naja sai ya ɗaga gira.

"Ta iya?"

"Ta iya."

"Na sani. Ta taɓa mini tagulla?"

"Ta mayar inda ta same su. Osvald, ka san ina jan ƙafa?"

"Kunne ne ya mutu, ba jiki ba. Jirgin nan tare muka hau shi, na san yadda injinsa ke bugawa. Ya daɗe yana makara."

"Me ya hana ka ja ni?"

"In na ja ka ka kasa biyowa, duk ɗakin zai ji wa ke baya. In na zauna tare da kai, sai a ce mai ganga ne. Dama kullum mai ganga ake cewa, fatata ta saba." Ya kurɓi kofi. "Kada ka mai da ni waliyyi, Shugaba. In na wuce ka, wa zan kalla? Ka riƙe ni, na riƙe ka, mun nutse tare a hankali. Ba laifi. Akwai nutsewar da ta fi wannan muni."

Torkil ya ce zai faɗa wa Bodil a gabansa, don a wanke sunansa.

"Naka hannun, ka yi yadda ka so da shi. Amma kunnena ba naka ba ne. Mai ganga mai jan ƙafa ana kiransa gidan tsofaffi ranar Lahadi, su ma ba sauri suke ba. Kurma kuwa ko jana'iza ba mai kiransa. Ka ji?"

"Na ji."

"To madalla, ɗayanmu na ji."

A jirgin komawa Torkil ya ga cewa gaskiyar ma ba za ta fito cikakkiya ba. Rabi zai faɗa, ya binne rabi, kuma rabin da zai binne shi ne wanda zai sa a fahimci komai. Ya jingina kai da gilashi yana kallon gonaki jiƙaƙƙu suna wucewa. Ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya magani.

Ranar gwaji, kafin kowa ya taɓa kayan kiɗa, ya tsaya inda Osvald zai ga fuskarsa, ya ce hannunsa ne ke jan ƙafa, ba na kowa ba, kuma Osvald na nan a kujerarsa har ranar ɗaukar faifai da bayanta. Duk wanda ya tambaya a gari, abin da za a faɗa masa ke nan.

Bodil ba ta ɗago ba. Tana jera takardunta a kan piyano, ta ba Osvald gefen kai, ta ce, "Kai kuma, Osvald, ka san haka ka bar ni ina ta cin namanka a bayan ido?"

Osvald na gyara kujerarsa, bai san an yi da shi ba.

Torkil ya yi maza ya shiga tsakani. Ya juya ga Osvald, ya buɗe baki sosai. "Mutumin Jutland, sai an faɗa maka sau biyu kamar kullum? Yarinya na tambaya, wai ka san ni ne, ka bar ta tana zaginka?"

"Au," in ji Osvald. "Ai zagin 'yan birni ba ya kama mu. Kafin ya iso Jutland ya huce."

Bodil ta dubi ɗaya, ta dubi ɗayan. Ta daɗe tana duban Osvald, da yadda gangunansa suka juya suka fuskanci bas. Torkil ya jira tambayar da za ta rushe komai. Ba ta yi ta ba. Ta tashi ta ja kujerar piyano gefe, ta karkata ta, ta zauna yadda fuskarta ke kallon mai ganga.

"Zan yi faifan," in ji ta, tana furta kowace kalma a fili fiye da yadda ta saba. "Amma in bazara ta shigo zan tafi. Ni da Naja muna da magana. Ba fushi nake ba, Torkil. Ina so in yi gudu ne tun hannuna na yarda."

"Ki yi gudu," in ji shi. "Da ni ne ma haka zan yi."

Ya ɗauko takardar "Jirgin Safe", wadda ta yi laushi kamar tsumma saboda daɗewa. Ya lalubo fensir a aljihun riga, ya ja layi a kan kalmomi biyun nan na sama. Bai rubuta komai a madadinsu ba.

"Kiɗanka ne fa da kowa ya sani," in ji Bodil. "Za su ce ka lalata shi."

"Za su ce tsufa ya sa na zurfafa. Haka suke cewa in mutum ya rage gudu da gangan."

"Da gangan," in ji Osvald, yana murza sanda a tsakanin yatsu.

Torkil ya jawo bas ɗin ya jingina shi a kafaɗa. Nauyin ya sauka inda ya saba sauka. Ya gyara tsayuwa, ya ɗan juya jikin katakon don kada ya kare wa Osvald hannunsa na dama, abin da zai riƙa tunawa da shi ke nan daga yau, a kowane ɗaki, a ƙarƙashin kowace fitila, har ranar da ɗayansu ya kasa zuwa. A waje rana ta fara faɗuwa tun la'asar ba ta yi nisa ba, kamar yadda ta saba da hunturu. Ya nemi takin a cikin yatsunsa, ba a cikin kansa ba, ya tarar da shi can ƙasa da inda yake zato. Ya ƙirga a hankali.

Osvald ya ɗaga sanda, ya kafa wa yatsan ido, yana jira ya sauka.